Gawo Ba Gawa Ba Ne

Mun tashi da asuba daga Yamai, mu uku, tun ladanin tashar bai gama gyaran murya ba. Yadda muka yi muka iso Yamai daga Kwatano kuwa ku bar shi kawai. Ƙuguna ne kaɗai ya san wannan labari, shi kuma har yau fushi yake da ni. Abokan tafiyata biyu ne. Ɗaya dattijo ne da Allah ya hore wa barci, ko a kan ƙaya ka zaunar da shi sai ya yi minshari. Ɗayan kuwa sa'ana ne, iyayensa ƴan garinmu, amma a Kwatano aka haife shi, Hausarsa da sanda take tafiya.

Ga waɗanda ba su san dalilin tafiyar ba, bari in warware muku. Mu ƴan wani ƙauye ne a bayan Tibiri da neman abinci ya watsa mu bakin teku, muna da ƴar ƙungiyarmu. Damina uku da suka wuce muka shiga wata yarjejeniya mai duwatsu uku kamar murhu. Meri, wato ma'aikatar magajin garin yankinmu, ta ba da aron wani fili da ya ƙeƙashe a gabas da ƙauye. Ƙungiyar matan ƙauyen ta ɗauki aikin raya itatuwan gawo a ciki, su kuma noma abin da suka ga dama a ƙarƙashi. Mu kuma muka aiko da wayar shinge da adduna da amalanke. Sharaɗin shi ne bayan damina uku kwamitin konseye, wato kansilolin meri, mai kula da muhalli ya zauna ya duba. In itace ya rayu, a ƙara wa matan wa'adi. In bai rayu ba, meri ta karɓi filinta, masu son a yanka shi fuloti-fuloti kuma ba su yi kaɗan ba. Yawancin matan nan mazansu sun rasu, ba su da ko taki ɗaya na gona in ba wannan ba. Shugabarsu kuwa Tsahara ce, ɗiyar kawuna, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa ganina ta bar ni na wuce lafiya ba. Da zaman kwamiti ya matso, ƙungiya ta ce a tura idanu. Aka duba aka ga na fi kowa baki, aka ɗauka baki da ido abu ɗaya ne.

Kuɗin kar, wato babbar motar fasinja, jika goma da ɗoriya, kujera kuwa an auna ta ne da jikin mutumin da bai taɓa cin tuwo ba. Rabina yana kaina, rabina yana kan maƙwabcina. Amma da gari ya waye mun wuce Doso, na leƙa ta taga, sai na manta da ƙugu. Jama'a, ƙasa ta yi kore. Shekara talatin da wani abu ina Kwatano ina sayar da tayoyin mota, gida nakan zo, amma kullum da rani: in yi kwana biyar, in yi gaisuwar rasuwa, in ci kilishi, in gudu. Rabona da ganin damina a ƙasarmu tun ina da gashi a tsakiyar kai. Hatsi ya yi tsawon mutum, ya fara fitar da kai, mata a duƙe cikin gyaɗa, tafkuna cike a gefen kwalta, shanu sun yi ƙiba har suna tafiya kamar matan attajirai.

A Dogon Dutsi aka tsaya, masu ƙwan zabi suka yi mana ƙawanya, uku dala hamsin, da ɗan yaji a ƙulle. Na ce zan ɗanɗana kawai. Da muka isa Birnin Ƙonni, in aka tara ɓawon da ke ƙarƙashin kujerata ana iya shafe ɗaki da shi. A Galmi na tambayi kuɗin albasa, mai ita ya faɗa, na ce masa ni albasa na ce, ba fili ba. Ya ce, "Alhaji, ka dawo da rani." Tsakanin Madawa da Gidan Runji aka yi mana yayyafi, direba ya kashe sanyin mota, wani ya buɗe taga, ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi ya shigo. A Kwatano ruwa wari yake tayarwa, na kwata da na kifi. Wannan kuwa ƙamshin tsakar gidanmu ne, lokacin da Inna, Allah ya jiƙanta, ke kwashe shanya da gudu tana kiran sunayenmu a cakuɗe. Na juya fuska wajen taga na ce wa abokina yajin ƙwai ne ya shiga mini ido.

Mun ratsa Tibiri da la'asar, muka shiga Maraɗi. A unguwar Zariya muka sauka, gidan ƙanena. In gaya muku, inda gidan nan yake, a da nan muke zuwa farautar ɓeraye, yau ga benaye, ga shaguna, ga adaidaita kamar fari. Kafin magariba na matsa aka kai ni Sabon Gari in ga gidan da na tashi, don mahaifinmu ɗan kasuwa ne, a birni ya raine mu, ƙauye sai ziyara. Gidan yana nan, amma an sayar tun bayan rabon gado, zaurenmu ya zama shagon cajin waya. Na tsaya a ƙofa kamar mai jiran sadaka, mai shagon ya ce, "Alhaji, caji ne?" Na ce a'a, na wuce. Matar ƙanena ta yi mana tuwon hatsi da miyar ɗanyar kuɓewa da man shanu. Na ci har na ji tausayin malmalar da ta rage, na haɗa ta da ƴan uwanta.

Washegari muka je meri muka gaida shugaban kwamiti, wani tsohon malamin makaranta da kowa ke ce wa Mushe, wato malam a bakin ƴan makarantar Faransanci. Mutum ne siriri mai magana a hankali, kamar yana auna kowace kalma da tiya. Ya ce zama ranar Alhamis ne, mai gandun daji, wato jami'in kula da itatuwa, ya riga ya zaga filin, kuma a matsayinmu na abokan aiki muna da kujera. Ya ce in muna son ganin filin mu nemi matan su kai mu. Na ce to. A raina kuwa na ce ni ba baƙo ba ne da za a share mini hanya a nuna mini gefen da aka gyara. Ido aka turo, ido kuma ba ya sallama. Muka bar dattijo yana barci a kan bencin meri, ni da haifaffen Kwatano muka hau babur ɗin ƙanena, muka zagaya ta bayan ƙauye ba tare da mun gaida kowa ba.

Shingen yana nan tsaf, wayarmu ce, na gane ta. A ciki gyaɗa ta rufe ƙasa, ga wake yana yaɗo, ga kuɓewa, ga yakuwa, ga riɗi. Amma ni ba su na zo gani ba. Na ɗaga kai. Itatuwan nan da aka turo mana hotunansu ƴan watanni baya, kore shar, sun fi tsawon mutum, yau ga su tsaye fari fat, ƙaya zalla, babu ganye ko na rantsuwa. A tsakiyar damina! Kowane ɗan tsiro na Allah yana sheƙi, su kaɗai sun bushe kamar ƙashin kifi. Na zaga daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk haka. Abokina ya ce, "Sun mutu ne?" Na ce, "Kai ma ka tambaya?"

Haushi ya kama ni, baƙin ciki ya kama ni, sannan babban ciwona ya motsa, wato son a ji daga bakina. Na zaro waya na ɗauki bidiyo, ina tafe ina sharhi. Ga abin da na ce, ban rage ba, don yanzu kowa ya haddace: "Jama'a, inna lillahi. Ga ni a filin. Gawo ya zama gawa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, duka. Ko akuya aka kawo nan sai ta kai ƙara. Damina uku muna aiko da kaya, ashe maƙabarta muke yi wa shinge." Na tura wa zauren ƙungiyarmu na waya. Har na ji daɗin yadda maganar ta zauna. Ƙauyen kuwa na ƙi shiga, na ce ba zan iya haɗa ido da Tsahara ba, wai ni ne mai jin kunya a madadinta.

Ranar Talata na ce mu je Jiratawa mu ga aikin zogale, ko ma ba ƙungiya shawara ta juya akalarta can, tunda gawo ya ƙi. Hanyar ba nisa, kudu da birni, gulbi ya kawo ruwa ja yana tafiya a hankali. Jiratawa kuwa aljannar mai miya ce. Zogale layi-layi har inda ido ya tsaya, an datse shi daidai ƙugu don ya yi ta tofo, ƙananan hanyoyin ruwa na siminti sun ratsa fadamar, mata zaune gungu-gungu suna tsigar ganye, buhuna a jere suna jiran motocin da za su kai su Yamai da wasu garuruwa. Da damina araha yake yi, da abin da zan sayi ƙulli ɗaya a Kwatano a nan sai a cika mini babbar riga. Wata ta kwaɗa mana shi da ƙuli da albasa a faranti, dala ashirin. Na ci uku, don kada ta ce na raina.

A bakin wani lambu muka samu wani tsoho yana wasa lauje. Muka gaisa, ya ba mu tabarma, hira ta yi daɗi. Na ce, "Baba, ku kam kun huta. Mu can matan garinmu sun kashe mana gawo ɗari." Ɗarin nan ni na ƙirƙiro shi a wurin, ban ƙirga ba. Na nuna masa bidiyo. Ya kalla, ya matso da wayar kusa da ido, ya sake kalla. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da abokina ya miƙa masa buta.

"Alhaji, kai ɗan ina ne?"

"Ɗan nan ne, Baba. Jikan Gobirawa."

"A'a. Tumbin dai na nan ne, amma idon baƙo ne. Juya ka dibi bayanka."

Na juya. A can gefen gonar hatsi ga wani ƙaton gawo, mutum uku ba sa rungume shi, tsaye fari fat, babu ganye.

"Wancan," in ji tsoho, "tun ban yi wayo ba kowace damina shike mutuwa. Da kaka ta yi sai shi tashi. Ban taɓa jin wanda ya yi mishi jana'iza ba sai kai."

Ya ci gaba da wasa laujensa yana yi mini karatu kamar yaro. Gawo da ruwan farko yake zubar da ganye, ganyen ya zama taki, rana ta samu hanya ta sauka kan hatsi, shi ya sa duk gonar da ke da gawo zangarniyarta ta fi ta maƙwabta. Sai ruwa ya ɗauke, komai ya bushe, shi kuma ya yi kore, ya ba da inuwa, ya zubo wa bisashe ƴaƴa. Ni kuwa ban ƙara jin sauran ba. Wallahi na san wannan. Na san shi kamar yadda na san sunana. A gonar kakanmu akwai gawo ɗaya, ina ƙarami Inna takan zaunar da ni a gindinsa da rani tana tsintar ƴaƴansa, jajaye masu lanƙwasa, tana tarawa a zane don awaki. A shekarun yunwa aka sare shi, aka sare ƴan uwansa, gonaki suka zama kamar tafin hannu, ni kuma na tafi bakin teku, inda itacen da ba shi da ganye cikin ruwa sunansa matacce. Inuwar gawo na riƙe a raina duk shekarun nan, halinsa kuwa na bar shi a hanya.

Na lalubo waya in goge saƙon. Ina! Bakin alƙalami ya bushe. Shugaban ƙungiyarmu, mutum mai zafin nama, tun jiya ya rubuta wa meri takarda cewa mun janye hannunmu sai an yi bincike, ya haɗa da bidiyon. Bidiyon kuma ya riga ni shiga ƙauye, ya shiga Tibiri, ina jin har Agadas ya je ya dawo. Muna cikin haka waya ta yi ƙara. Tsahara.

"Salamu alaikum, Alhaji. An ce ka iso. Ya hanya? Ya ka baro iyali? To madalla. Allah shi huta gajiya."

Ta kashe. Jama'a, matar nan tun da na yi tumbi Tulu take ce mini, ko a gaban surukaina. Ranar da na dawo daga Makka cewa ta yi an kai tulu Zamzam an dawo da shi wofi. Yau ita ce ke ce mini Alhaji, har da Allah huta gajiya. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Laraba da hantsi na shiga ƙauye ta ƙofar gaba, kamar yadda ya kamata in yi tun farko. Na gaida mai gari, na gaida kawu, wanda ya amsa yana kallon wani wuri. Aka ce matan suna fili. Na same su su goma sha wani abu suna cirar ciyawa, ba wadda ta ɗago. Wata tsohuwa ce kawai ta taso, ta dafa mini hannu, ta ce, "Ɗana, da gaske amshewa za a yi? Gyaɗata saura kaɗan ta nuna." Ashe tun jiya wasu maza biyu suka zo suna auna gefen filin da taki, suna nuna inda shago zai zauna. 

Tsahara ta miƙe, ta kakkaɓe hannu, ta ce in biyo ta. Ta kai ni gindin wani gawo, ta kama reshe a hankali saboda ƙaya, ta kankare ɓawon da farcen babban yatsa. Ciki kore, danshi har yana sheƙi.

"Taɓa."

Na taɓa.

"Ka taɓa ganin gawa tana zuhwa?"

"Tsahara, na yi kuskure."

"Kuskure? Kuskure shi ne ka sa gishiri cikin hura. Kai ka zo garinmu, ka wuce ƙohwar ubana, ka haura ta baya kamar ɓarawon akuya, ka yi wa iccenmu salla babu alwala. Mi ya hana ka tambaya? Bakin ya gaji ne? Ai ban san shina gajiya ba."

Matan suka fara dariya ƙasa-ƙasa, na ji sanyi kaɗan. Sannan ta nuna mini aikin, wanda ni da na zo dubawa ban ma san yadda yake ba. Ashe ba dasa itatuwan suka yi ba. Saiwoyin tsofaffin itatuwan da aka sare tun zamanin iyayenmu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna tofo, kowace shekara masu sassabe suna fille su. Su matan sai suka bi kututture ɗaya-ɗaya, su zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran, su ɗaura jan tsumma don kada wani ya sare. Da rani su yi ta gadi da karɓa-karɓa saboda masu neman itacen wuta da masu kakkaɓar ganye. Ta nuna mini hannuwanta, duk zanen ƙaya, tsoho da sabo. "Damina ukku," ta ce. "Kai kuma minti ɗaya."

Alhamis muka hallara a meri. Ɗaki ne madaidaici, benci a jere, fanka ɗaya tana juyawa kamar an tilasta mata. Konseye bakwai ko takwas a gaba, matan a gefe ɗaya cikin mayafansu na fita, mu a ɗaya gefen, dattijonmu kuma yau idonsa biyu, abin da ya nuna mini lamarin ya kai. Mai gandun daji ya karanta abin da ya gani: itatuwa suna raye, an yi musu datsa yadda ya dace, ƙasar da ta ƙeƙashe ta fara riƙe ruwa. Sai Mushe ya ce akwai takarda daga abokan aiki, ƙa'ida kuma ita ce duk ƙorafin da ya shigo a rubuce sai an saurare shi a gaban kowa. Aka karanta. Aka kunna bidiyo. Muryata ta cika ɗakin, tana ta yanga, har da "ko akuya sai ta kai ƙara". Ban taɓa sanin haka muryata take da muni ba.

Mushe ya cire tabarau. "Mai wannan murya yana kusa?"

Na tashi. Na ce ni ne, kuma ƙarya na yi, ba da niyya ba amma ƙarya ce. Na ce ban tambayi kowa ba, ban gaida kowa ba, na manta halin gawo, na ga abin da ban fahimta ba na sa masa suna. Na roƙi matan gafara, na roƙi kwamiti kada a hukunta su da laifin bakina. Mushe ya ce, "Alhaji, a aji na biyu muke koya wa yara wannan. Ranar kana ina?" Na ce ina jin ranar aka aike ni sayen goro. Ɗaki ya fashe da dariya. Na saci kallon gefen matan, ba su yi ba. Su jiran hukunci suke.

Wata konseye, mace mai nutsuwa, ta ce ita ba ta da shakka a kan itatuwa, amma tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Ƙungiyarmu ta janye a rubuce, ba za a sa hannu kan sabuwar yarjejeniyar damina uku da baki kawai ba, ko shugabanmu ya kira ta waya. Sai sabuwar takarda ta zo da hannun ƴan ƙungiya. Na so in yi gardama, na ga gaskiyarta. Aka yi ta ja, wani ya tuna wa zama cewa akwai masu neman filin, mai gandun daji ya ce shi dai in an yanka wurin nan an yanka aikin da ba a saye da kuɗi. Ƙarshe aka tsaya a kan haka: matan su ci gaba da riƙe fili, amma na damina ɗaya tak a yanzu. Da rani, in gawo ya yi ganye, kwamiti da matan da wakilinmu su taka tare su gani, in takardarmu ta iso a cika musu sauran. Mushe ya sa aka ƙara layi ɗaya a littafin kwamiti: daga yau ba a karɓar rahoton abokin aiki a kan wani fili sai ya nuna ya zauna da masu aikin filin tukuna. Ya ce ba sai an sa wa dokar suna ba, kowa ya san mai ita.

Tsohuwar nan mai gyaɗa ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Amma na ji wata tana ce wa ta kusa da ita sun so su fara haƙa rijiya a kusurwar filin bana, yanzu wa zai haƙa rijiya a filin damina ɗaya? Wannan maganar ita ce ta bi ni har gida. Ba a karɓe fili ba, alhamdu lillahi, amma damina uku ta koma ɗaya, kuma ni na cinye biyun da bakina.

Kafin mu juya na koma ƙauye sallama. Yara da manya yanzu Alhaji Gawa suke ce mini, na kuma amsa, don wanda ya haifi suna shi ke goyonsa. Tsahara ta dama mini fura da nonon da aka tatso da safe, ta ƙulla mini busasshiyar kuɓewa da yakuwa daga filin. Na ce zan bi ƴan ƙungiya gida-gida sai kowa ya sa hannu. Ta ce wannan dole ne, ba alheri ba ne. Ta rako ni har bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba, sai ta tsaya.

"In rani ya yi ka zo da kanka, kar ku turo wani. Ba don meri ba. Ka zo ka zamna ƙarƙashinshi ka rufe baki, ko na rabin yini ne. In ka iya, na yahe maka."

Na ce rabin yini ya yi yawa, a yi mini ragi. Ta ce babu ragi.

Asabar muka kama hanyar dawowa. Ban sayi ƙwai ko ɗaya ba, abin da ya sa dattijo ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Daga Tibiri har Doso ina manne da taga, sai ga itatuwan gawo ko'ina, a tsakiyar gonaki, manya da ƙanana, farare, tsirara, hatsi ya yi duhu a gindinsu. Da zuwa ma suna nan, ta gabansu muka wuce, ina can ina ɓare ƙwai.

Mun iso Kwatano lafiya, sai godiya. Takarda ta zagaya, na bi mutane har wuraren sana'arsu, kowa sai ya sa na maimaita masa "gawo ya zama gawa" kafin ya sa hannu, na maimaita, an sa, an aika. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya yi mini tsada. Wanda ya aiko da waya da adda bai fi wanda ƙaya ta zane wa hannu sanin fili ba. Kwamitin da nake yi wa kallon masu shan iskar fanka, shi ne ya tsaya tsakanin bakina da gonar mutane. Kuma mutum yana iya barin gida har gida ya bar shi, yana nan yana bugun ƙirji shi ɗan ƙasa ne.

Yanzu haka da nake rubuta muku ruwa ake yi a nan, irin na bakin teku, wanda ba ya sallama ba ya ban kwana. Ayaba da kwakwa sai sheƙi suke a bayan shagona, ko kallo ba su ishe ni ba. Ni da aka haifa a ƙasar da ake fita roƙon ruwa, yau ga ni zaune a kan tayar mota ina leƙen sama, ina jiran ya ɗauke a can gida.